Babi na Bakwai: A Ji Ta Bakinsa Tukuna

Ranar Juma'a, 3 ga watan Yuni na 2005, gwamnatin Jihar Kebbi ƙarƙashin Gwamna Muhammad Adamu Aliero ta ba da sanarwar tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Alhaji Mustapha Haruna Jokolo. Sarkin ya hau gadon mahaifinsa, Sarki Haruna Rashid, a 1995. Kafin nan tsohon soja ne, shi ne dogarin Janar Muhammadu Buhari a zamanin mulkinsa na soja. Gwamnati ta zarge shi da furta kalaman da ka iya ta da hankalin ƙasa, da rashin jituwa da sauran sarakuna, da yawan barin masarauta ya tare a Kaduna. Aka fitar da shi daga Birnin Kebbi, aka kai shi Jihar Nasarawa, ya zauna a Lafiya da Obi. Ba da jimawa ba aka naɗa Manjo Janar Muhammad Iliyasu Bashar mai ritaya a matsayin sarki na 20.

Mutanen gari suka rabu, kowa da gwaninsa. Amma da maganar ta isa gaban alƙalai, ba su tambayi wanda ya fi cancanta da rawani ba, ba su kuma auna wanda jama'a ta fi so ba. Tambayoyinsu biyu ne. An saurari mutumin nan kafin a yanke masa hukunci? Kuma akwai dokar da ta ba gwamna ikon ɗauke ɗan ƙasa daga garinsu ya ajiye shi inda ya ga dama? Waɗannan tambayoyi su ne ke tsaye tsakanin kowane talaka da mai iko, ko da talakan bai taɓa taka ƙofar kotu ba.

Abin da kundi ya tanada

Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ya tattara haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Sassa huɗu daga ciki su ne ginshiƙin maganarmu.

Sashe na 36 ya ce duk lokacin da za a yanke hukunci a kan haƙƙin mutum ko nauyin da ke kansa, ko da da gwamnati yake jayayya, wajibi ne a saurare shi cikin adalci, cikin lokacin da hankali zai ɗauka, a gaban kotu ko hukumar da ba ta karkata ga kowa ba. Wanda ake tuhuma da laifi kuwa, ba shi da laifi har sai an tabbatar. A gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, ya kare kansa ko ya ɗauki lauyan da ya zaɓa, ya yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, ya kawo nasa. In ba ya jin harshen kotu a samo masa tafinta, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ba a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne a ranar da ya aikata shi, ba a kuma hukunta shi sai laifin da horonsa suna rubuce cikin doka.

Sashe na 35 ya tsare 'yancin mutum daga kamu da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar yawo da zama a duk inda ya so cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda al'ummarsa, ko ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko yanayin haihuwarsa.

Waɗannan tanade-tanade sun shigo kundinmu tun gab da samun mulkin kai. A 1957 Turawa suka kafa hukumar Willink don ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, ita kuma ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Haka aka yi a kundin 1960, aka kwaikwayi yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai. A Ingila ana danganta tushen wannan tunani da takardar Magna Carta ta 1215, wadda ta hana sarki kama ɗa ko korarsa sai bisa dokar ƙasa. A Amurka kuwa, gyara na 14 da aka yi wa kundinsu a 1868, bayan yaƙin basasa, shi ya haɗa abubuwan biyu wuri guda: bin ƙa'ida kafin a taɓa ran mutum ko 'yancinsa ko dukiyarsa, da kuma kariyar doka daidai wa daida ga kowa.

Tun kafin zuwan Turawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da jirgin ruwa aka kawo mana wannan ilimi. Ƙasar Kabi da Gwandu sun san shi tun da daɗewa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci cin Birnin Kebbi a 1805, wanda kuma fadar Sarkin Gwandu ke ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya bayyana wa masu mulki da alƙalai iyakokinsu. A cikin Kitabul Farƙi, ɗaya daga cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya soki sarakunan zamaninsa da su shi ne cewa wanda duk suka ga dama sai su kashe, ko su kora, ko su ci dukiyarsa, ba tare da hujjar shari'a ba. Almajiran fiƙihu kuma sun san wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi da ya daidaita masu jayayya a wurin zama da kallo da hukunci, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da rai da adalci.

Wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci a Argungu ko Birnin Kebbi ya ga wannan da idonsa. An gama jin da'awa, an ji amsa, shaidu sun yi magana, kowa ya ƙagara a yanke hukunci. Sai alƙali ya ajiye alƙalami, ya dubi wanda hukunci ke shirin faɗa wa, ya ce, "Malam, kana da sauran magana? Akwai wata hujja da ba ka kawo ba?" Mutumin ya gyara durƙuso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da shaida guda, yana Gulma, ba ya da lafiya ne." Alƙali ya sa a rubuta, ya ba shi kwanaki. Wannan shi ne i'izari a mazhabar Malikiyya, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci don kawai an tsallake shi. Alƙali na iya kasancewa ya riga ya hango inda gaskiya take. Duk da haka ba ya da ikon rufe magana sai ya buɗe wa mutum wannan ƙofa ta ƙarshe.

Al'adar tuɓe sarki a kai shi wata uwa duniya kuwa, Turawan mulkin mallaka ne suka mayar da ita tsari. Lakwaja ta zama masaukin sarakunan da aka raba da gadonsu: Sarkin Kano Alu Babba, da sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu ɗan Sidi, duk can suka ƙare. Bayan mulkin kai ma ba a daina ba. An kai Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya Azare a 1963, an kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi Zing a 1996. Sai dai ko a zamanin Turawa an sami wanda ya ja. Sarkin Legas Eshugbayi Eleko, da aka tuɓe aka kai Oyo a 1925, ya bi ƙara har Landan, inda a 1931 alƙalan majalisar Sarkin Ingila suka tabbatar da cewa gwamna ba ya da ikon taɓa 'yancin mutum sai in zai iya kare halaccin aikinsa a gaban kotu. A shekarar ya koma gida.

Shekara ashirin ana fafatawa

Shari'ar Gwandu ta bi hanya biyu, kuma ya kamata a rarrabe su, don mutane da yawa suna cakuɗa su.

Ta farko ita ce ta kora da tsarewa. A nan Alhaji Mustapha Jokolo ya yi nasara. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa fitar da shi daga jiharsa da killace shi a Nasarawa sun saɓa wa tsarin mulki. Ma'anar hukuncin a fili take. Rawani na iya barin kan mutum, amma zamansa ɗan ƙasa na nan, kuma ɗan ƙasa ba a tsare shi ko a zaɓa masa garin zama sai da dalilin da kundi ya lissafa. Wannan hukunci ya yi amfani bayan shekara bakwai. Da aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ranar 9 ga Maris na 2020 aka kai shi Loko sannan Awe, lauyoyi sun yi ta kafa hujja da shari'ar Jokolo. Cikin kwana huɗu Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, a Nuwamban 2021 kuma ta yanke cewa korar haramtacciya ce.

Hanya ta biyu ita ce ta tuɓewar kanta. A watan Disamba na 2014 Babbar Kotun Jihar Kebbi, ƙarƙashin Mai shari'a Abbas Ahman, ta ce tuɓewar ba ta halatta ba, ta ba da umarnin a mayar da shi. A Afrilun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta amince da haka. Dalilinsu shi ne dokar naɗa sarakuna da tuɓe su ta gindaya wa gwamna sharaɗi biyu, ya gudanar da bincike, ya kuma tuntuɓi majalisar sarakuna, kotunan kuma suka ga ba a yi ko ɗaya ba. Ba su ce zarge-zargen ƙarya ne ba, ba su kuma ce gaskiya ne ba. Cewa suka yi ba a bi hanyar da za a gane hakan ba.

Sai magana ta haura Kotun Ƙoli, ta shekara tara a can. Masu iya magana sun ce shari'a mace ce da ciki. Ranar 4 ga Yuni na 2025, shekara ashirin da kwana ɗaya bayan tuɓewar, alƙalai uku cikin biyar suka rushe hukuncin kotunan ƙasa. Mai shari'a Emmanuel Agim, wanda ya jagoranci masu rinjaye, ya ce dokar sarakunan ta wajabta wa mai ƙorafi ya fara miƙa kokensa ga gwamna kafin ya nufi kotu, tunda kuwa ba a yi haka ba, Babbar Kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar tun farko. Masu shari'a Uwani Abba-Aji da Ibrahim Saulawa suka saɓa, suka goyi bayan kotunan ƙasa. Da haka Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar ya tabbata a kan gadonsa.

Hukuncin Kotun Ƙoli shi ne ƙarshe, kuma bin sa wajibi ne. Amma ɗalibin doka na da darasi uku a nan. Na farko, ƙa'ida ba ta da ɗan gida: da ita mai ƙara ya yi nasara sau biyu, da ita kuma ya faɗi a karo na uku. Na biyu, akwai tambayar da ta cancanci majalisar dokokin jiha ta zauna a kanta. Tsohuwar ƙa'ida ce cewa mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. To yaya za a ce wanda gwamna ya tuɓe ya fara kai kuka wurin ofishin da ya tuɓe shi? Na uku shi ne lokaci. Sashe na 36 bai tsaya ga cewa a saurari mutum ba, ya ce a saurare shi cikin lokacin da ya dace. Yaron da aka haifa a makon da aka tuɓe sarki ya isa jefa ƙuri'a kafin a gama shari'ar, gwamnoni huɗu sun zauna a gidan gwamnati, sarakuna biyu da iyalansu da masarauta guda suna rataye.

Daga fada zuwa fadama

Sarki yana da manyan lauyoyi, jaridu na bin labarinsa, yana kuma da ƙarfin jimre wa shekara ashirin. Yanzu mu gangara fadamar Argungu, inda ake noman shinkafa a gefen gulbi, mu ga yadda waɗannan sassa ke aiki a kan wanda ba ya da ko ɗaya daga ciki.

Mu ɗauka wani manomi ya karɓi bashin taki da man injin ban-ruwa, da alkawarin zai biya da buhunan shinkafa in an yi girbi. Ambaliya ta zo ta shanye gonar. Mai bashi ya kai ƙara caji ofis. Aka zo ba a tarar da manomin ba, sai aka tafi da ƙanensa, aka ce in yayan ya zo a sake shi. Ranar Juma'a ce da yamma. Dattijon gidan ya bi sawu, ya tuɓe takalmi a bakin kanta yana cewa, "Yallaɓai, a taimaka, yaron nan ba shi ya ci bashin ba." Aka ce ya dawo Litinin, ya kuma zo da abin beli.

A wannan ɗan labari an karya doka sau huɗu. Bashi da saɓa alkawarin ciniki ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, maganar kotun farar hula ce, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗi haka ƙarara. Dokar nan ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake nema, ɗa ne ko ƙane ko mata. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji, a kuma gurfanar da shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Belin 'yan sanda kuwa kyauta ne. Ƙari a kan haka, sashen ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Sashe na 35 ɗin nan dai shi ne wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta wa gwamnatin Kebbi a 2013. Babu na sarakuna dabam, na masunta dabam.

Inda bambancin yake shi ne wurin isa ga haƙƙin. A gidajen gyaran hali na Nijeriya, wajen kashi biyu cikin uku na mazauna ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawansu talakawa ne da suka rasa lauya ko mai tsaya musu. Sashe na 46 ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ya kuma ɗora wa Majalisar Tarayya nauyin tanadar taimako ga marasa hali. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi tun 1976, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Amma mutumin Augie ko Kangiwa da bai san da su ba, a wurinsa tamkar babu su ne.

Doka ɗaya ga kowa

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta na 1991, ta haɗa masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. A cikinta akwai Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Dandawa da Dakarkari da Kambari, akwai Musulmi da Kirista, tana kuma iyaka da Nijar da Benin. Kabawa da daular Sakkwato sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa, kuma bikin kamun kifi na Argungu ya samo sifarsa ta yau ne daga ziyarar zumunci da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai a 1934. Jama'a mai irin wannan tarihi ba abin da zai riƙe ta wuri guda kamar kowa ya tabbata cewa doka ba ta duba sunan kakansa.

Mutanen bakin iyaka su suka fi sanin zafin a ce wa mutum ba ɗan ƙasa ba ne. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta tsallakar da shi Chadi da sunan baƙo ne. Babbar Kotu a Maiduguri ta binciki asalinsa, ta tabbatar ɗan Nijeriya ne, ta soke korar, ta ba shi diyya. Wannan hukunci garkuwa ne ga mutumin Kamba ko Dole Kaina da ke da dangi a tsallaken iyaka. Haka kuma a 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, ta ce ta ci karo da sashe na 42. A ƙasar Hausa shari'ar Musulunci ta riga ta yanka wa mace rabonta. Matsalarmu ita ce 'yan'uwa maza da ke riƙe gona shekara da shekaru suna cewa ba a raba ba tukuna.

Akwai kuma giɓin da kundin da kansa ya bari. Yana hana bambanci saboda garin asali, amma tsarin rabon muƙamai ya sa takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin aiki da gurbin karatu da tallafi. Wanda aka haifa a Birnin Kebbi, ya yi karatu a nan, yake biyan haraji a nan, ana iya ce masa ya koma garin kakansa ya karɓo takarda. Haka ma ɗan Kebbi da aka haifa a Ibadan ko Fatakwal. Sashe na 17 ya yi alkawarin daidaito a gaban doka, amma yana cikin babi na biyu, wanda kundin ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Gyaran wannan aikin 'yan majalisa ne, kuma ba za su yi ba sai masu zaɓensu sun matsa.

Daidaito kuma yana bayyana a ƙananan abubuwa da ba su kai ga Kotun Ƙoli. In shanu suka shiga gona, ko manomi ya toshe burtali, a kira ɓangarorin biyu, a auna ɓarna a gaban kowa, kada a yanke tara tun kafin makiyayi ya buɗe baki, kada kuma a kori manomi don mai shanun babban mutum ne. In gwamnati na son fili don amfanin jama'a, ta ba mai shi sanarwa, ta biya diyya ba da ja-in-ja ba, kamar yadda sashe na 44 ya tanada, ko gonar ta mai unguwa ce ko ta gwauruwa.

Mutane kan yi murna in an tsallake ƙa'ida a kan wanda ba sa so, su ce ai ya cancanta. Wannan murnar ita ke ba mai iko lasisin yi wa kowa. Saboda haka, mai karatu, in an kama wani a unguwarku, tambayi laifinsa, tambayi ranar da za a kai shi kotu, kada ka biya kuɗin beli a caji ofis, ka kuma nemi lauya ko ofishin agajin lauyoyi tun da wuri. In kai ne mai unguwa, ko shugaban makaranta, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, aka kawo maka ƙarar wani, kada ka yanke komai sai ka kira shi ka ji ta bakinsa, ko da shi ne mutumin da ka fi ƙi a garin.